Duniya ɗaya ce ko dubbai? Gardamar masana a ma'aunin rijiyar Arewa

Shekara 50 ke nan da ɗoriya masana taurari da masana falsafa suke kai ruwa rana a kan tambaya guda: me ya sa awon da halitta ke tafiya a kansa ya zo daidai da abin da rai ke bukata? Wasu sun ce ai akwai Mai awo. Wasu sun ce duniyoyi ne bila adadin, wannan ce kawai ta dace. Wanda ya san kwarin Dallol Mawri yana da abin da zai gwada maganar da shi.

Matafiyin da ya taso daga Doso ya nufi Dogon Dutsi bisa babbar hanya, ya kan daɗe yana keta tudu mai tsakuwa da geza da sabara, gari nan, wani garin can nesa. Sai ya doshi Kore Mairuwa ƙasa ta sauya: hanya ta gangara, rairayi ya bayyana, ga gawo, ga gonaki sun haɗe da juna, ƙauye na hangen ƙauye. Ya shigo Dallol Mawri ke nan, tsohon kwarin kogin da ya gudana zamanin da Sahara ke da ruwa, wanda ya miƙe daga arewa zuwa kudu har ya kai ga kogin Kwara wajen Gaya. A cikin wannan kwari da gefensa manyan garuruwan Arewa suka jeru, tun daga Matankari da Dogon Dutsi da Kiyeshe har Tibiri da Gesheme. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. A wurare da dama na kudancin kwarin mai ginar rijiya ba ya wuce gaba kaɗan ya tarar da ruwa, shi ya sa ake rake da lambu da rani, alhali a bisa tudu igiya ta kan wuce metir 40 kafin guga ya jiƙe.

To, a ƙaddara yaro ne aka haifa a Fadama, bai taɓa fita daga kwarin ba. Wata rana ya leƙa rijiyar gidansu ya ce wa kakansa abin da mamaki, an ajiye ruwa daidai inda guntuwar igiya za ta kai, kamar an san za a zauna nan. Tsohon zai iya kama hannunsa ya hau da shi tudu, ya nuna masa daji mai faɗi inda ruwa ya yi nisa, ya ce masa kakanni ne suka bi ruwa, inda ya yi zurfi ba su zauna ba, saboda haka ba a haifi yaron da zai yi mamaki a can ba. Amsa ce mai kyau, amma tana da sharaɗi guda da ya kamata mai karatu ya riƙe tun yanzu: tana ci ne domin tudun yana nan, ana hawansa, ana leƙa rijiyarsa. Da a ce duk faɗin ƙasa kwarin ne kaɗai, babu tudu babu hamada, da mamakin yaron yana nan daram.

Wannan zance na yaro da kakansa shi ne gardamar da ake tafkawa a manyan jami'o'i, sai dai a can halitta baki ɗaya ce aka sa a gaba.

Lambobin da suka ɗaure wa masana kai

In an ce duniya a wannan bayani, ana nufin abin da Faransawa ke kira univers, malaman zaure kuma ke kira kaunu: ƙasa da rana da wata, da taurari, da garkunan taurari waɗanda ba a gani sai da madubin hangen nesa, da sararin da ke tsakaninsu. Masana sun ƙiyasta shekarunta da miliyar 13 da miliyan 800. Dokokin fizik da ke tafiyar da ita suna ɗauke da wasu lambobi waɗanda ba lissafi ne ya fitar da su ba, aunawa aka yi aka same su haka nan. Nauyin ƙwayoyin da ke cikin zarra, ƙarfin da ke jan guga zuwa gindin rijiya yake kuma riƙe ƙasa a kewayen rana, ƙarfin da ke ɗaure cibiyar zarra, kowanne da gwargwadonsa, ba kuma wanda ya san abin da ya hana shi ya fi haka ko ya kasa. Da masana suka gwada sauya waɗannan lambobi a kan takarda, sai suka ga ginin na rushewa.

A cibiyar zarra akwai ƙwayoyi iri biyu, furoton da nutoron. Nutoron ya ɗara furoton nauyi da kimanin kashi 1 cikin 700. Da furoton ne ya ɗara da kamar haka, da ba zai dawwama ba, da ya rikiɗe. Iskar idirojen kuwa furoton guda ne cibiyarta, in babu ita babu ruwa, balle rijiya. Martin Rees, masanin taurari na Ingila, ya tara irin waɗannan lambobi guda 6 a wani littafi da ya fitar a 1999. Ɗaya daga cikinsu ita ce: idan idirojen ya narke ya koma eliyom a cikin rana, kashi 7 cikin 1000 na nauyinsa ne ke zama zafi da haske. Bisa lissafin Rees, da kashi 6 ne, da ba wani sinadari da zai ƙullu bayan idirojen. Da kashi 8 ne, da idirojen ya ƙare tun farkon halitta.

Labarin karbon ya fi daɗin ji. Shi ne sinadarin da ke cikin gawayi da hatsi da tsokar mutum, a cikin taurari kuma ake dafa shi. A 1953 Fred Hoyle, shi ma Bature ne na Ingila, ya lissafa cewa taurari ba za su iya dafa karbon mai yawa ba sai in cibiyarsa tana da wani mataki na ƙarfi a wani gurbi takamaimai. Ya matsa wa masu gwaji na Kaliforniya su duba, suka duba, suka same shi inda ya ce. Hoyle ba mai addini ba ne, amma daga baya ya rubuta cewa abin ya yi kama da wani mai hankali ya sa hannu a dokokin fizik.

Wadda ta fi su duka ban tsoro ita ce lambar da ke tura sarari ya ƙara faɗi. A 1998 ƙungiyoyi biyu na masana suka gano cewa faɗaɗar duniya ƙara sauri take yi, aikin da ya jawo wa Saul Perlmutter da Brian Schmidt da Adam Riess kyautar Nobel a 2011. Matsalar ita ce, lissafin takarda ya nuna ƙarfin da ke cikin sarari fanko ya kamata ya ninka wanda aka auna sau wani adadi da ake rubutawa da 1 da sifiri wajen 120 a bayansa. Da ya kai ko kusa da haka, da komai ya watse kafin ƙura ta taru ta zama tauraro guda.

Mai tsohuwar rediyo ya san wahalar kamo tasha a gajeren zango: ana murɗa maɓalli a hankali, in aka wuce da gashi guda sai hayaniya. Abin da masanan ke cewa shi ne, ga rediyo mai maɓallai da yawa, kowanne kuma an tarar da shi a kan tasha.

Masu cewa akwai tudu

A 1973 an yi taron masana taurari a birnin Krakow na ƙasar Polonya domin cikar shekara 500 da haihuwar Kopernik. A nan ne Brandon Carter ya ba amsar tsohon Fadama suna irin na ilimi. Ya ce duk abin da ɗan Adam zai gani a kewayensa, tilas ya kasance irin wanda zai bar ɗan Adam ya rayu har ya gani. A kunne kamar zancen wofi ne, kamar a ce duk wanda ya zo kasuwa yana da rai. Amma tarihi ya riga ya nuna cewa wannan zance ya taɓa warware wata tambaya da ta gagari manya.

Tazarar ƙasa da rana kilomita miliyan 150 ce. Da ta matso sosai da teku ta ƙafe, da ta yi nisa da ta daskare. A 1596 Kepler, Bajamushe, ya fitar da littafi yana neman dokar lissafi da ta tilasta wa falanet 6 da aka sani a lokacin su tsaya inda suka tsaya. Ya yi aiki tuƙuru, amma dokar babu ita. A 1995 Michel Mayor da Didier Queloz, ƴan ƙasar Suwis, suna aiki da madubin Haute-Provence a kudancin Faransa, suka gano falanet ta farko da ke kewaya wani tauraro irin rana. A 2022 waɗanda aka tabbatar sun zarce 5000. Wasu sun yi kusa da tauraronsu har duwatsu na narkewa, wasu sun yi nisa sun zama ƙanƙara. Tudun ya bayyana, an gan shi da ido. Yau ba mai neman dokar da Kepler ya nema.

Sai wasu suka ce, me zai hana abin da ya faru da tazarar rana ya faru da lambobin fizik? In akwai duniyoyi barkatai, abin da ake kira multivers, kowace da lambobinta, to mafi yawansu kufai ne, babu tauraro babu rai, a cikin ƴan kaɗan da awo ya dace ne kawai za a sami mai tambaya. Adalci ne a faɗi cewa ba don gudun Mahalicci aka ƙago wannan tunani ba. Ta wata ƙofa ya shigo. A 1981 Alan Guth na Amurka, yana neman dalilin da ya sa zafin sarari ya zo ɗaya ta kowace fuska, ya kawo nazarin cewa duniya ta yi wata irin kumbura mai tsananin sauri a ƙiftawar farko. Alexander Vilenkin a 1983 da Andrei Linde a 1986 suka nuna cewa, a yawancin siffofin nazarin, kumburar ba ta tsayawa ko'ina a lokaci ɗaya: ta kan tsaya nan ta ci gaba can, kamar tukunyar kunu na tafasa kumfa na tashi, kowace kumfa duniya ce. A farkon shekarun 2000 kuma masu nazarin zare, waɗanda ke ganin asalin kowace ƙwaya wani ɗan zare ne mai kaɗawa kamar tsirkiyar gurmi, suka lissafa cewa nazarinsu ya yarda da tsare-tsare masu yawan 1 da sifiri 500 a bayansa, kowane tsari da lambobinsa. Ga tukunya, ga kuma abin da zai bambanta kumfa da kumfa.

Babbar nasarar wannan ɓangare ta Steven Weinberg ce, wanda ya raba kyautar Nobel ta 1979 da Sheldon Glashow da Abdus Salam na Pakistan. A 1987, shekara 11 kafin a auna lambar da ke tura sarari, lokacin da masana da yawa ke zaton sifiri ce, ya yi lissafin iyakar da ba za ta wuce ba in har garkunan taurari za su haɗu, ya kuma ce in dacewa ce ta zaɓe ta, bai kamata a sa ran sifiri ce cak ba. Da aka auna, ba sifiri ba ce, kuma tana cikin iyakar, ko da yake ta fi abin da ya fara zato ƙanƙanta.

Ƴan bindiga 50 da dala 12

Nan ne masana falsafa suka shigo, domin lambobi ba su faɗin abin da ya kamata a fahimta daga gare su. Da farko akwai masu cewa ai babu abin mamaki ko kaɗan: da awo bai dace ba da babu mai tambaya, shi ke nan. John Leslie, malamin falsafa a Kanada, ya ba su amsa a littafinsa na 1989 da misalin mutumin da aka ɗaure za a harbe, gwanayen harbi 50 suka saita suka buga, ya buɗe ido ya ga ko ƙwarzane babu. In ya ce ba abin mamaki tun da da sun same shi da ba ya nan balle ya yi mamaki, kowa zai ce tsoro ya taɓa masa kai. Hankali na neman ɗayan biyu: ko dai an shirya a kuskure shi, ko kuwa ana harbin dubban mutane a wannan rana, a cikin dubbai kuma dole a sami wanda ya tsira. Wato ko Mai nufi, ko yawa.

Amma shin yawan na warware wani abu? A 1987 Ian Hacking, shi ma ɗan Kanada, ya ce akwai kuskure ɓoye a ciki, irin na ɗan caca. A ƙaddara mutum ya shiga ɗaki ya tarar an watsa dala 12 sama, duka suka faɗi a fuska ɗaya da aka ambata tun farko, abin da ke faruwa sau 1 cikin 4096. Sai ya ce lalle tun magariba ake watsawa, in ba haka ba yaya za a yi irin wannan ta fito? Ya yi kuskure. Ko an watsa sau dubu kafin ya shigo, ko wannan ce ta fari, rabon watsawar da ya gani da idonsa bai canza ba. Dala ba ta tuna jiya. A 2000 Roger White ya ƙara wa hujjar kaifi. Ya ce yawan duniyoyi na sa a sa ran wata duniya a cikinsu za ta dace, amma tambayar ita ce me ya sa wannan ta dace, wannan da ake ciki, kuma tafasar sauran kumfa ba ta ƙara wa wannan kumfar komai.

Masu kare yawan duniyoyi suka ce misalin bai yi daidai ba, domin mai shiga ɗaki zai iya shiga ya ga kowace irin faɗuwa, ɗan Adam kuwa ba zai iya ganin duniyar da ba ta dace ba. A gyara misalin, in ji su: an ajiye mutumin a waje, an ce ba za a kira shi ba sai in dala 12 sun faɗi fuska ɗaya. In ya ji an kira shi, yana da dalilin zaton an daɗe ana watsawa, tun da watsawa guda da wuya ta kai ga kira. Gaskiya ne. Sai dai gyaran ma yana da ƙugiya. In yarjejeniyar ita ce za a kira shi duk lokacin da abin ya fito, ko a watsawa ta nawa, to kiran shaida ne na yawa. In kuwa an ɗaura shi ne a kan watsawa guda tak, wasu mutane dabam kuma aka ɗaura a kan sauran, to kiransa bai gaya masa komai game da sauran ba. Saboda haka gardamar ta koma kan wata tambaya da madubin hangen nesa ba ya amsawa: shin mutum zai iya kasancewa shi ne a wata duniya dabam, ko kuwa shi da wannan duniya ɗaurin gwarmai ne? Fiye da shekara 30 ana juya wannan a mujallun falsafa, ba a kai ga matsaya ba. Wanda ya ce an gama, to ɓangare guda ya karanta.

Akwai kuma na uku, masu cewa duka ɓangarorin sun yi gaggawa. Duniya guda aka taɓa gani. Ba wanda ya san ko maɓallan rediyon na murɗuwa ma, balle tsawon zangon da za su iya bi, kuma mai yiwuwa wata doka mai zurfi da ba a gano ba tukuna ita ta kafe su inda suke. Wanda bai san yawan fuskokin abin da aka jefa ba, ba shi da ikon cewa faɗuwar ta yi wuya.

Abin da zaure ya riga ya sani

A Arewa kalmar dacewa ba ta cika gamsar da kowa ba. An ce ruwa ba ya tsami banza. A Lugu da Bagaji, in Sarauniya ko Baura ya rasu, gawar ake ɗauka ita ta nuna magaji, al'adar da ake kira tarkama. Baƙo na iya cewa ƙafafun masu ɗauka ne suka karkata, masu al'adar kuwa zaɓi suke gani. A zaurukan karatu ma, ta wata hanya dabam, tambayar tsohuwa ce. Ɗalibin da ya karanci Ummul Barahina ta Shaihu Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, ya san hujjar keɓancewa: duk abin da zai yiwu ya kasance haka ko ba haka ba, a wannan lokaci ko wancan, da wannan gwargwado ko wancan, in aka tarar da shi a kan ɗaya, to akwai wanda ya keɓe shi da ita, wannan kuwa aikin nufi ne. Gwargwado yana cikin abubuwan da masu sharhi ke lissafawa da suna. Kafin Sanusi, Ibn Rushdi na Kurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya kafa hujja da yadda rana da wata da lokutan shekara suka dace da rayuwar ɗan Adam. Lambobin Rees sabuwar riga ce a jikin wannan tsohuwar hujja.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, yawan duniyoyi bai tsorata manyan malaman tauhidi ba. Fakhruddin Razi, mai babban tafsiri, wanda ya rasu a Herat a 1210, da yake bayani a kan kalmar alamina ta cikin Fatiha, wadda jam'i ce, ya yi wa mabiya Aristo raddi a kan cewarsu duniya ba za ta wuce ɗaya ba, ya ce ikon Allah ya isa ya halicci dubun dubatar duniyoyi a bayan wannan. Kusan shekara 400 bayansa, a 1600, aka ƙone Giordano Bruno a Roma, kuma yawan duniyoyi na cikin abubuwan da aka tuhume shi da su. Ga mai bin hujjar keɓancewa, tukunyar da ke tafasa duniyoyi ita ma abu ce mai yiwuwa: tana bukatar dokokin da za su sa ta tafasa, da sararin da zai kumbura, kuma ana iya tambayar me ya sa waɗannan dokoki ba wasu ba. Tambayar ta hau bene ne kawai. Saboda haka mai wa'azin da ke kafirta nazarin, da ɗan boko mai murnar cewa an kori Mahalicci, duka biyu sun ɗora wa nazarin kayan da ba nasa ba.

Sai dai masu imani ma suna da nasu ramin. Duk wanda ya zauna ajin tarminal ya ji labarin Bernardin de Saint-Pierre, wanda ya rubuta a 1784 cewa an yi wa malo tsaga-tsaga ne domin iyali su raba, da kuma yadda Voltaire ya yi wa irin wannan tunani dariya tun 1759 da malaminsa Pangloss, mai ganin an yi hanci ne domin tabarau. Georges Lemaître, limamin Katolika ɗan Beljik wanda ya fara kawo nazarin cewa duniya ta faro daga ɗigo guda, bai ji daɗi ba da Paparoma Pius na 12 ya ɗauki nazarin a 1951 a matsayin shaidar halitta. Ya san cewa imanin da aka jingina da lissafin bana, lissafin baɗi na iya zame masa.

Ina tudun yake?

A koma ga sharaɗin da aka ce mai karatu ya riƙe. Falanet 5000 an gan su. Sauran duniyoyi fa? Haske na da iyakar gudu, duniya kuma na da iyakar shekaru, saboda haka akwai nisan da ba saƙon da ya taɓa isowa daga bayansa. Sauran kumfa, in suna nan, suna can bayan wannan iyaka, suna kuma ƙara nisa. A watan Disamba na 2014 George Ellis na Afirka ta Kudu da Joe Silk suka yi kira a mujallar Nature cewa kada a sassauta ƙa'idar ilimin fizik, wato nazari ya faɗi abin da gwaji zai iya ƙaryatawa. Nazarin da ya yarda da kowace lamba a wani wuri, in ji masu wannan ra'ayi, ba lambar da za ta kunyata shi. Akwai kuma matsalar lissafi da masu nazarin kansu suka amsa: in duniyoyin ba su da iyaka, duk abin da zai iya faruwa yana faruwa sau ba iyaka, to da wace tiya za a auna a ce wannan ya fi wancan yawa?

Ɗaya ɓangaren na da amsa mai nauyi. Ba wanda ya taɓa leƙa cikin baƙin rami na sarari, amma ana yarda da abin da lissafin Einstein ya ce game da cikinsa domin lissafin ya ci jarrabawa a wuraren da ake gani. Haka nan, in nazarin kumbura ya tabbata, sai a karɓi ƴaƴansa. Gaskiya ne kuma taswirar tsohon hasken farkon duniya, wadda taurarin ɗan Adam WMAP da Planck suka zana, ta yi daidai da abubuwa da dama da nazarin kumbura ya hanga. Amma daga kumbura zuwa kumburar da ba ta ƙarewa akwai taki guda, daga nan zuwa lambobi masu sauyawa akwai wani takin, na biyun kuma ya dogara da nazarin zare wanda ba gwajin da ya tabbatar da shi. Babbar na'urar CERN da ke kusa da Janeba ta gano ƙwayar Higgs a 2012, amma ba ta gano sababbin ƙwayoyin da masu nazarin zare da yawa suka sa rai ba.

Ƙofa guda ce aka hanga. In wata kumfa ta taɓa karo da wannan a farkon zamani, za ta iya barin tabo mai siffar da'ira a kan wancan tsohon haske. A 2011 Stephen Feeney da Hiranya Peiris na Landan, tare da Matthew Johnson da Daniel Mortlock, suka bi taswirar WMAP suna neman irin wannan tabo. Sun tsinci wurare kaɗan da suka ɗan yi kama, amma da suka tace lissafi sai suka ce bayanan ba su bukatar wani karo kafin a fahimce su. Masu nazarin suka ce rashin tabo bai kashe maganar ba, tun da karon na iya yin rauni ko ya faɗa wajen da ba a gani, abin da su Ellis kuwa ke kuka da shi ke nan.